Likkafanin Iya

Markar bana ta ƙi ɗaukewa. Jiya da hantsi ina zaune a bakin ɗaki ina tsintar wake, sai ga jikata Ummi ta shigo jiƙe sharkaf, ta kifa jakar littattafanta a ka. Na ce, "Ke kuma lafiya? Har an tashi?" Ta ce ba a tashi ba, koro su aka yi ita da wasu yara, don safarsu ba fara ba ce. Uwarta ta fito daga madafi tana mita, wai kwanan nan aka ɗinka hijabi, aka sayi sandal, ga rigar wasanni ta daban, yanzu kuma safa. Na ba yarinyar zanina ta goge jiki, na koma kan wakena. Amma hankalina ya riga ya tafi wata damina can baya, lokacin da uban Ummi yake sa'arta.

A lokacin muna ƙauyenmu kusa da Ɗansoshiya, a gidan ƙasa mai ɗaki uku: namu ni da Malam, na yara, sai na Iya, mahaifiyar Malam. Iya gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin baki da saurin tafiya. Daddawa take yi tun tana da ƙuruciya, har ƙamshinta ya kama ɗakinta da zannuwanta.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri. Kowa ya yi murna ya zuba iri, shuka ta fito kore shar. Sai sama ta ɗauke. Rana ta dinga fitowa tun da sassafe kamar da gayya, ƙasa ta tsattsage, 'yar shukar ta kwanta ta ƙone. Da rana ko kaji ba sa fita daga gindin rumbu. Aka fita roƙon ruwa har da yara da dabbobi. Da Allah ya kawo ruwan, ba iri a hannun kowa, sai abin da aka ajiye don ci. Malam ya shiga rumbu ya fito da damman gero da dawa, muka sussuka aka sake shukawa. Ina kallon hatsin yana fita daga gida a cikin ƙwarya, na san abincin watan marka ne ake kaiwa gona. Akuyarmu mai ciki kuwa ita ta tafi kasuwa ta dawo a buhun taki.

Ruwan da ya dawo bai dawo da wasa ba. Ya yi ta zuba safe da yamma, katanga ta jiƙe har ta fara zubewa ta bayan ɗakin yara. Da asuba nakan durƙusa gaban murhu ina hura jiƙaƙƙen ice, hayaƙi ya cika min ido kafin wuta ta kama. In dama kunu tsararo, Malam da babban yaron su sha su saɓi fartanya. Iya ta ja ƙanana su bi gefen gonaki suna tsinko tafasa da rama. Ni kuma in karɓi dakau a gidajen masu hali, in yi surfe har tafin hannuna ya yi kanta, a biya ni da dusa da ɗan tsaki. Da rana kwaɗon ganye, ƙuli ɗan kaɗan don a ji ɗanɗano. Da yamma tuwo, in an samu. Kullum sai Iya ta tura rabin nata gaban yara ta ce ita goro ya cika mata ciki, alhali na san rabonta da goro tun kafin shuka.

Noma dai ba a fasa ba. Maza suka yi ta gayya gona bayan gona, yau ta wannan gobe ta wancan, don ciyawa ta samu ruwa tana neman cinye shuka. A shekarar mai gayya ba ya jin kunyar fito da kunu zalla, don kowa ya san abin da ke gidansa.

A cikin wannan hali aka kawo labarin babban yarona ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi a sakandaren jeka-ka-dawo a Ƙiru. Sunan mahaifin Malam aka sa masa, don haka kowa Abba yake ce masa, Iya kuwa Maigida. Shi ne ɗana na fari, uban Ummi. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Ranar da labarin ya zo, maƙwabta suka shigo barka, ni kuwa na sunkuyar da kai ina tankaɗe kamar ba a gidanmu abin ya faru ba. Iya ce ta yi guɗa, ta ce, "Maigidana zai zama alƙali, ya ɗaure duk wanda ya taɓa cin bashin daddawata."

Kuɗin makaranta ba su ne matsala ba, gwamnati ta ɗauke. Kayan makaranta ne matsalar: farar riga, farin wando, farar hula. Yanzu abin ya ninka, har launin safa ake dubawa, amma abu ɗaya bai canza ba daga wancan zamani zuwa yau. Ana buɗe makaranta ne daidai lokacin da rumbu ya kai ƙasa, masara ta yi goyo amma ba ta nuna ba, gero ya fitar da kai amma ba a kai ga tumu ba. Da a ce bayan kaka ake nema, da ko kaza ka sayar ka ɗinka.

Ranar farko Abba ya tafi da shuɗiyar rigarsa ta Sallah. Na wanke ta na ninke na sa a ƙarƙashin tabarma don ta miƙe. Kafin azahar ya dawo. A bakin ƙofar makarantar aka tare shi, ko aji bai gani ba. Bayan 'yan kwanaki Malam ya bar gona ya raka shi don ya roƙi arziki a yi masa haƙuri zuwa kaka. Malamin makarantar da suka samu ya karɓe su da mutunci, amma ya ce doka ce daga sama, kuma akwai yara da yawa da ke jiran gurbi. In wata ya ƙare yaro bai shigo da kayansa ba, za a ba wani.

Da suka dawo, Malam ya zauna a kan turmi bai ko wanke taɓon ƙafarsa ba. Ya ce, "Ladi, na duba gabas na duba yamma. Ƙwadagon da nake samu da hatsi ake biya. In na sayar da hatsin na sayi yadi, me ƙanana za su ci? Ya haƙura, in Allah ya kai mu baɗi a sake nema."

Na ce, "To, Malam." Abin da ya halatta in ce ke nan.

Abba bai yi kuka ba. Washegari ya saɓi fartanyarsa ya bi ubansa. Sai dai ya daina magana. In yaran ƙauyen da suka samu shiga suka wuce da safe cikin fararen kaya, sai ya juya baya ya duƙa kan kunya yana noma. Ni kuma na daina barci sosai, abinci ma ɗan da ake samu ba ya wuce min.

Wata safiya bayan maza sun fita, Iya ta leƙo ta ce, "Ladi, ajiye taɓaryar nan ki zo." Na shiga ɗakinta. Ta jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta ciro mabuɗi daga bakin zaninta. A can ƙasa, ƙarƙashin tasoshi, ta fito da wani ƙunshi a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Tana kwancewa ƙamshin turare ya tashi. Farin alawayyo ne mai kauri, a ninke tsaf. Na san ko mene ne. Duk gidan mun san Iya ta daɗe da sayen likkafaninta da kuɗin daddawa, don kullum takan ce ba ta son ranar tafiyarta a tsaya neman yadi.

Ta ce, "Riƙe min bakin nan."

Na ja da baya. "Iya, ki rufa min asiri. Ba da hannuna ba."

"Da hannun wa to? Ni idona ba ya ganin layi. Ke kina can kina ramewa, kin ƙi buɗe baki wai ke mai kunya. Ni ba ɗan farina ba ne, mijina ne. Mace ba ta ɗinka wa mijinta riga?"

"In Malam ya ji fa?"

"Ni na haifi Malam. Riƙe."

Na riƙe. Ta auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana gunaguni ita kaɗai, wai Allah ya taimake ta na mace ya fi na namiji cin yadi. Ta sa reza ta ɗan tsaga bakin, sannan ta ja. Har yau in na ji ana yaga sabon yadi sai gabana ya faɗi. Abin da ya rage bai kai ya rufe ko yaro ba. Ta mayar da shi adaka ta kulle.

Ranar kasuwa ta naɗe yadin da tsohuwar rigar Abba don awo, ta sa a ƙwarya ta rufe da faifai, ta ce za ta kai daddawa. Na ce ta bari hadarin nan ya wuce. Ta ce hadarin bana ba ya wucewa. Ta tafi a ƙasa, ta zauna a gaban tela har ya gama, ta biya shi da daddawar da ta ɗauka. Ruwa ya kama ta a hanyar dawowa. Ta shigo gab da magariba tana karkarwa, zaninta ya manne a jiki, amma kayan da ke cikin ƙwarya ko ɗigo bai taɓa su ba.

Bayan an ci tuwo ta kira Abba ta miƙa masa. Ya warware rigar a gaban fitila, ya kalle ta, ya kalli Iya, ya kalli ubansa. Malam ya karɓa ya murza yadin da yatsu, sannan ya kai hanci. Sai ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Iya, mene ne wannan?"

"Riga da wando. Hular ce tela ya ɗan matse."

"Iya, abin da kika tanada ne. In ta Allah ta kasance a cikin wannan marka, da me zan rufe ki? In bi gida gida ina roƙon yadi? So kike a ce na kasa yi wa mahaifiyata sutura?"

"Wa ya ce maka tafiya zan yi? Ina jiran tumu."

Malam bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Da saninki?" Na ce da sanina. Ya tashi ya fita masallaci. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abba kuwa da ya gane abin da aka yanka, sai ya ce shi ba zai sa ba. Ya ninke kayan ya kai ƙofar ɗakin Iya ya ajiye. Ta fito ta same shi ta ce, "Au, raina ɗinkin ka yi? Ko tsoro kake ji? To yadi dai an riga an yanka. Ko ka sa ko ba ka sa ba, ba za a naɗe ni a cikin wando ba." Duk da halin da ake ciki sai da ƙanana suka tuntsire da dariya.

Malam ya kai maganar gaban Liman, don zuciyarsa ba ta kwanta ba. Liman ya ce yadi yadi ne har ranar da aka naɗe mamaci da shi, kuma dukiyarta ce, ta yi kyauta da ita inda take so. Ya ce yaro ya sa kayansa ya tafi neman ilimi, ya riƙa yi mata addu'a.

Haka Abba ya fara zuwa makaranta. Hanyar jar ƙasa ce, duk ta zama taɓo, ga rafi da ake tsallakawa. Farin kaya ba ya jure wannan. Sai ya riƙa fita da tsummansa na gona, kayan makarantar a cikin leda a kansa, in ya kusa gari ya raɓe bayan wata kuka ya canza. In ya dawo in karɓa in wanke da sabulun salo, in ɗan sa bula don farin ya ƙara fitowa. Rana ba ta fitowa balle su bushe, sai in tsaya da su a gaban murhu ina juyawa, ina tsoron tartsatsi, ina tsoron hayaƙi ya ɓata farin. Ban taɓa riƙe wani tufafi da tsoro irin wannan ba.

Ba a yi mako ba Iya ta kwanta. Tun ruwan da ya dake ta take tari tana ɓoyewa, sai zazzaɓi ya rufe ta. Na dafa ganyen darbejiya na yi mata surace, Malam ya samo ƙwayoyi a kemis. Jikinta kamar garwashi, ga ba wani abincin kirki da za a ba marar lafiya. Kunun da nake dama mata ma sai in ɗaga kanta in ba ta da ludayi. Wata rana ta kalle ni ba ta gane ni ba, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Na fito tsakar gida na tsaya a cikin yayyafi, ina jin kamar ni na jawo, tunda ni na riƙe bakin yadin.

Malam ya shiga ya daɗe a wurinta. Da ya fito sai ya wuce ɗakinmu, ya buɗe akwati ya ɗauko babbar rigarsa. Ita kaɗai gare shi, mai aiki a wuya, wadda ya ɗaura aurenmu da ita, yake zuwa Juma'a da Idi da ita. Ya ninke ta ya sa a buhu.

Na ce, "Malam, ina za ka da ita?"

Ya ce, "Ki kula da Iya. Ina dawowa."

Da la'asar ya dawo daga Tudun Wada, ba riga a buhun, sai farin yadi. Ya miƙa min ya ce in ɓoye inda ba za ta gani ba, kada ta ce ya gaji da ita. Sannan ya ce, "Ladi, na yi fushi da ke ba da hakki ba. Ni ma da na ga yaron nan ya fita da safe cikin fararen kaya, sai da na tsaya a bakin gona ina kallonsa har ya ɓace." Ranar Juma'ar nan da 'yar shararsa ya tafi masallaci, ya tsaya a sahun baya.

Allah bai yi kwananta ya ƙare ba. Zazzaɓin ya fara sauka daidai lokacin da marka ta sassauta. Rana ta fito, tururi ya dinga tashi daga rufin ɗakuna, muka fito da tabarmi da tsummokara muka baza a kan katanga. Malam ya karyo masarar farko daga gonar bayan gida. Na gasa, ƙamshin ya cika gidan, yara suka kewaye murhu. Sai muka ji murya daga ɗaki, siririya amma da sauran kaifinta: "Wato ci za ku yi ku bar ni?" Ba ta da haƙoran cin gasasshiya, sai na ɓare mata ɗanya na daka na yi mata fate. Ta shanye tas.

Da ta fara fitowa, ita da kanta ta gano yadin a cikin tukunyar da na ɓoye shi. Ta murza ta taɓe baki ta ce bai kai nata kauri ba. Sannan ta tambayi inda aka samu kuɗi. Kowa ya kauce ya kama aikin gabansa. Ranar Juma'a ta ga yadda Malam ya fita, sai ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Daga baya ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Kaka ta yi kyau a shekarar, shukar baya ta ba da abin da ba a zata ba. Aka ɗinka wa Abba kaya na biyu. Babbar riga kuwa sai bayan shekara biyu Malam ya sake yin wata. Da lokacin shigar ƙanin Abba makaranta ya matso, Malam ya lura Iya ta fara tambayar wane launi ake sawa. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki yadin ya kai gidan Liman ajiya. Iya ta yi ta faɗa wai an mayar da ita ɓarauniyar kayanta.

Ta rayu har ta ga Abba ya gama, ya wuce kwalejin horon malamai, ya fara koyarwa. Ta rasu da kaka, da safe, bayan ta sha kununta. Aka aika gidan Liman a kawo yadi. Maza suka zauna a zaure da allura da zare, aka warware za a yanka, sai aka ga bai kai ba. Aka sake aunawa, bai kai ba. Liman ya shiga gida ya tambayi iyalinsa. Matarsa ta ce Iya ce ta zo da kanta wata damina da ta wuce, ta ce a fito mata da kayanta, ta yanki abin da ta yanka ta kai wa wata marainiya a bayan masallaci da aka koro saboda hijabi. Ta kuma sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

Ina daga soron ciki ina jin su. Malam ya dubi yadin a cinyarsa ya ce, "Har can ma ta bi shi." Muryarsa ta karye, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Abba ya miƙe ya ce wannan nasa ne, kada kowa ya sa hannu a aljihu. Ya hau keke ya nufi Ƙiru sayo yadi. An riga an yi mata wanka, an haƙa kabari, jama'a sun cika ƙofar gida har bakin hanya, rana tana ta ɗagawa. Aka zauna aka jira shi. Ba wanda ya ce an makara.